Makon da Aka Ce In Huta

Zuwa ga sanyin idaniyata, hasken safiyata, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa. Zuwa ga Abban yarana, abokin tafiyata, mutumin da zuciyata ta zaɓa tun ba ta san ana zaɓe ba.

Sallama irin ta mai kewa, gaisuwa irin ta mai laifi. Ina fata wannan takarda za ta same ka ka iso gida lafiya, ka wanke gajiyar hanya, ka sha ruwa. Don Allah ka zauna kafin ka karanta, Abban yara, domin maganar da ke raina ta fi ƙarfin a saurare ta a tsaye.

Yau Juma'a, azahar ta ɗan gota. Ina zaune a teburin cin abinci, jakata tana bakin ƙofa. Da la'asar motar 'yan gudu za ta kwashe mu zuwa sansanin da za mu kwana, gobe da sassafe a busa usur, in shiga gudun famfalakin da na shafe wata takwas ina shiri dominsa: kilomita tamanin, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Kai kuma ka ce sai bayan magariba za ka dawo daga aikin haɗa sola da aka tura ka. Ka ga ke nan za mu yi saɓani, ni ina fita kai kana shigowa, kamar rana da wata. Wayyo! Da baki na so in faɗa maka, ina kallon ƙwayar idonka. Waya kuwa sau huɗu tana ba ni kunya a makon nan. Da na ji muryarka sai in kauce wa maganar. Ka ce, "Ya gwiwa?" in ce, "Da sauƙi." Ka ce, "Ya yara?" in ce, "Lafiya lau." Daga nan sai ɗayanmu ya ce sai an jima. Haka masoya suke hira? Haka mu muka saba?

Ka san koci, mai horar da ni, ya ce makon ƙarshe makon sassauci ne. A rage gudu, a ƙara barci, a ci a ƙoshi, a bar jiki ya tara ƙarfinsa. "Aikin ya riga ya ƙare," in ji shi. "Yanzu ba abin da za ki ƙara, sai dai ki ɓata wanda kika yi." Ni da nake cinye kilomita casa'in a mako, aka ce in tsaya a ashirin. Wanda bai taɓa ba zai ɗauka hutu ne. Hutu! A kama tsuntsun da ya saba da sararin sama, a rufe shi a ɗaki, a ce masa ya ji daɗinsa? Ƙafafuna ƙaiƙayi suke yi. Jikina ya cika da ƙarfin da ba shi da wurin zuwa, kamar kogin da aka tare wa hanya. Kuma ka san ruwan da aka tare, abin da ya fi kusa da shi yake fara cinyewa. Kai ne ka fi kusa da ni, rabin raina. Kai na cinye.

Bari in faɗi abin da na yi da bakina, kada in ɓoye shi a bayan kalmomi masu daɗi. Ranar Lahadi da yamma kana tsakar gida kana ɗiga wa sarƙar keke mai, ni ina zaune da ƙanƙara a kan gwiwar hagu, wadda ta fara yi mini tsami tun ranar Asabar. Ka ɗago kai ka dube ni, cikin muryar nan taka mai laushi ka ce, "Barewa, in gwiwar nan ba ta saki ba zuwa Alhamis, a haƙura sai baɗi. Ai tseren ba gudu zai yi ba." Har da ɗan murmushinka, kana jiran in yi dariya.

Ban yi dariya ba. Cewa na yi, "Kai me ka sani a kan gudu? Kana zaune ɗare-ɗare a kan keke, ni nake cin wuya a ƙasa. Ba ɗan rakiya nake nema ba." A gaban yaranmu, Yaya da Auta, na faɗa, da ƙarfi, har Auta ta ajiye cokalinta.

Da ma ka yi faɗa! Da ma ka ɗaga murya sau ɗaya in samu abin riƙewa! Amma ina. Ka goge hannunka da tsumma, yatsa bayan yatsa, ka ɗaga keken ka rataye shi a ƙusar baranda, ka shiga ɗaki. Washegari ka tafi aikinka tun ban gama lazimi ba, kuma duk da haka na tarar da shayina a fulas, da lemun tsami a yanke, kamar kullum. Wallahi da wuƙa ka bar mini a teburin da ta fi shayin nan sauƙin haɗiya.

Wai ni ce na ce ba ka san komai ba! Ni, wadda ba don kai ba da ban san launin titinmu da safe ba. Ka tuna shekara bakwai da suka wuce, bayan haihuwar Auta, lokacin da baƙin gajimare ya sauka a kaina ya ƙi tashi? Wata biyar ban leƙa ƙofar gida ba. Labule a sake, abinci ya huce a gabana, jaririya tana kuka ina kallonta kamar 'yar maƙwabta. Likita ya ba da magani, 'yan uwa suka yi ta nasiha, kowa da abin da yake ganin ya kamata in yi. Kai ba ka ce mini komai ba. Wata safiya kawai ka ajiye takalmana a gabana ka ce, "Zo ki raka ni turken lantarkin can, ina son in duba wata waya." Babu wata waya, Abban yara. Na san babu, kai ma ka san na sani. Muka taka a hankali, hannuna a cikin naka, iska tana taɓa fuskata kamar baƙuwa. Da muka isa ka ɗaga kai ka ƙura wa turken ido da gaske, har da gyaɗa kai, ka ce, "To, lafiyarta ƙalau." Ranar na yi dariyata ta farko a wata biyar. Kashegari muka je turke na biyu. Bayan mako guda muka kai mahaɗar titi. Ranar da na fara sassarfa, kai ne ka koma gida da gudu ka ɗauko keke, don ka ce numfashinka ba zai iya da ni ba. Daga ranar ka raɗa mini Barewa, sunan ya bi ni har wurin aiki.

Wannan mutumin na kalla na kira ɗan rakiya. Kaicona!

Makon nan ya hukunta ni, masoyina, kuma ina son ka ji yadda aka yi, ko ka samu abin dariya. A kantin maganin da nake aiki kamar duk masu tarin garin nan sun haɗa baki. Wanda zai sayi maganin ciwon kai ma sai ya jingina da kanta ya yi mini atishawa a fuska kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Na sa takunkumi biyu, ina wanke hannu har fatata ta fara tsagewa, ina jin maƙogwarona yana ƙaiƙayi duk lokacin da aka turo ƙofa. Oga ya tausaya mini ya kawo mini doguwar kujera, ya ce in riƙa zama in adana ƙafa. Abokiyar aikina kuwa cewa ta yi, "Ke dai Allah Ya kai mu Asabar ki yi gudun nan mu huta. Tun Litinin kike harararmu kamar mu muka ɓoye miki takalmi." Ta yaya zan gaya mata ba gudun ne ke cina ba?

Ranar Talata na fita ɗan gudun kilomita takwas da koci ya yarje mini. Ni kaɗai, karo na farko cikin shekaru. Titin nan da na sani kamar tafin hannuna sai ya zama baƙo. Babu ƙarar sarƙa a bayana, babu ƙararrawar da kake kaɗawa sau biyu in mota na tafe, babu hannun da ke miƙo gorar ruwa tun kafin in san ina jin ƙishi. Da na zo daidai gidan burodin nan da ke kan kwana, sai ga wani jibgegen kare ya taso mini da haushi, haƙora waje. Na ƙame a tsakiyar titi ina salati. Mai burodi ya fito da gudu, gari har gwiwar hannu, ya kama shi yana ba ni haƙuri. Na ce masa, "Yaushe kuka kawo kare?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Hajiya, ai shekararsa uku a nan. Maigidanki ne ke kirana duk ranar da za ku biyo ta nan, in ɗaure shi a baya. Jiya bai kira ba, na ɗauka ba za ki fito ba." Ya ƙara da cewa sau da yawa yakan gan ka da yamma, in ka taso daga aiki, kana bin gefen titin kana tsince fasassun kwalabe.

Shekara uku, hasken idona! Shekara uku ina wucewa ta ƙofar nan ina jin kaina jaruma, ashe hanyar sharar ta ake yi mini. Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba? Wane irin so ne wannan da ke aiki a ɓoye kamar raɓa, ya jiƙa ganye kafin gari ya waye, ya tafi ba ya jiran godiya? Ban ƙarasa kilomita takwas ɗin ba. Da tafiya na dawo gida, kuma ba gwiwa ce ta hana ni ba.

Ranar Laraba na yi abin da in koci ya ji zai tsine mini. Na dawo aiki da wuri, ba gudu, ba abin yi. Na riga na wanke labule, na jera tukwane bisa girmansu, na yanke farcen ƙafa har da baƙin nan da kake tsokanata da shi. Sai idona ya faɗa kan keken a rataye. Na sauke shi. Na cika goruna huɗun da kake ɗaurawa a kariya, na rataya jakar ayaba da dabino da tawul, na hau. Na ce bari in ɗanɗana zaman ɗare-ɗaren da na yi maka gori da shi.

Abban yara, ashe sirdin nan a tsage yake, ƙarfe ne kawai a ƙarƙashin fatar! Ashe tafiya a hankali a kan keke, daidai da saurin mai gudu, ta fi tsere wuya. Kan keken sai rawa yake, nauyin ruwan yana jan ka gefe, hannu yana sagewa a kan birki. Zagaye uku na yi wa unguwa na sauko ina tafiya kamar agwagwa. Yaya tana bakin ƙofa tana kallona, ta rufe baki tana dariya, sannan ta ce, "Mama, minti ashirin kika yi fa. Abba awa biyar yake yi ranar Asabar." Ta faɗa ta shige ciki, ta bar ni riƙe da keke. Yarinyar nan bakinka ta ɗauko: ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai an kwana ana juya ta.

Jiya Alhamis na je wurin likitan ƙashi. Ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙe ta, ya danna nan ya danna can, ya sa na tsuguna na tashi sau goma. Ya ce ba abin da ya same ta. Wai haka jiki yake yi wa masu gudu in sun rage aiki, ya riƙa ƙirƙiro ciwo nan da can. "Tsoro ne ya sauko miki a gwiwa," in ji shi. "Ki je ki yi gudunki." Ka ga ke nan ni ce da gaskiya a kan gwiwa. Na fito daga ɗakinsa da gaskiyata a hannu, na rasa inda zan kai ta. Me zan yi da ita? Wa zan nuna wa? Mutumin da nake son in fara kira in yi wa albishir shi ne wanda na ce bai san komai ba.

Kuma likitan bai san rabin zancen ba. Tsoron nan ba nawa ba ne ni kaɗai, namu ne. Na san abin da ka gani ranar Lahadi da ka dubi ƙanƙarar nan. Bara ka gani, tseren kilomita sittin, lokacin da na yanke jiki na faɗi saura takwas in gama. Ni ban tuna komai ba sai farin silin na asibiti. Kai ne ka tuna sauran. Kai ka jefar da keke a kwalta, ka goya ni a bayanka har inda motar asibiti take, kana kiran sunana ina shiru. Kwana biyu ka yi a kan kujerar roba a gefen gadona. Da na farfaɗo, ba ka ce in daina ba. Ba ka taɓa cewa ba, ko sau ɗaya, ko da wasa. Da na ce zan shiga na tamanin, cewa kawai ka yi, "To, sai mu ƙara gorar ruwa." Wata takwas kana haɗiye tsoronka kana taka feda a bayana. Rana ɗaya tak ya leƙo ta bakinka, a cikin jimla ɗaya mai taushi, ni kuwa na mare shi.

Umma ta zo da yamma ta yi mini sallama. Ka san mahaifiyarka da gudun nan, ta zauna ta ƙare wa takalmana kallo ta ce, "Ni dai har yau ban ga wanda ya koro ki ba. Ga mota a gari, ki ce sai da ƙafa." Muka yi dariya. Da za ta tafi ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana ya kira ni daga can, ya ce in sa ki a addu'a, wai kada in gaya miki shi ya ce. To ni ban iya ɓoye-ɓoye ba." Ta dafa kaina ta yi addu'ar, mai tsawo, har da gwiwar hagu a ciki. Ka ga yadda asirinka yake ta tonuwa a makon nan?

Ya farin cikin raina, ya tauraron da nake duba in na ɓata, ka yafe mini. Ba don gajiya ba, ba don makon sassauci ba, ba don tsoro ba. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su ne suka buɗe bakina ba, ni ce. Na ɗauki abu mafi kyau da wani ɗan Adam ya taɓa yi mini na mayar da shi abin gori, a gaban 'ya'yanmu. Su na riga na zaunar da su na ce musu Mama ta yi kuskure, kuma za ta ba Abba haƙuri. Auta ta tambaye ni ko za ka haƙura. Na ce mata ban sani ba, sai na tambaya. To ga shi ina tambaya.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ce ka zauna. Da safiyar nan na je ofishin masu shirya tseren karɓar lambar da zan maƙala a ƙirji. Matar da ke kan tebur ta turo mini takarda ta ce, "Wa za ki rubuta a matsayin mai kula da ke? Mutum ɗaya ake so. Shi kaɗai zai shiga rumfunan hutu ya ba ki ruwa da abinci. Kuma ki sani, in ya ce a cire ki daga tseren, cire ki za mu yi, ko kina kuka. Don haka ki yi tunani." Koci yana tsaye a gefena, ya riga ya ce zai tsaya mini. Shi ya san bugun zuciya, ya san gishirin jiki, ya san duk lissafin. Amma bai san yadda kafaɗata ta dama take saukowa in na kusa ƙarewa ba. Bai san in na fara yawan murmushi to wuya ce ta kai wuya ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya shafe shekara bakwai yana karanta bayana.

Ban yi tunani ba, Abban yara. Na ɗauki biro na rubuta sunan nan da bakina yake jin nauyin furtawa shekara goma sha takwas, da manyan baƙaƙe, har biron ya kusa huda takardar.

Ɗan zoben roba ruwan ɗorawa da ka gani a cikin ambulan ɗin nan, shi ake sawa a hannu a shiga rumfa. Naka ne. Rumfa ta biyar tana kilomita hamsin da biyar, a bakin tsohuwar gada. In Allah Ya yarda zan iso wurin wajen ƙarfe biyu na rana. Akwai motar da ke kai masu kula da 'yan gudu, tana tashi ƙarfe tara daga ofishin. Ba na ce dole ba. Ka yi kwana biyar a kan rufin mutane cikin rana, ka gaji, kuma ni na ce ba na bukata. In ba ka zo ba zan gane, zan sha ruwana da hannuna in wuce, in dawo gida in ci gaba da ba ka haƙuri har ranar da ka karɓa.

Amma in ka zo, ga alkawarina, Allah ne shaida. Zan tsaya a gabanka in bar ka ka dube ni son ranka. In ka ce, "Barewa, ya isa," ba zan yi musu ba, ba zan ce saura kaɗan ba. Da hannuna zan cire lambar daga ƙirjina in miƙa maka, mu zauna a bakin gadar mu ci ayaba muna kallon sauran suna wucewa, kuma wallahi ba zan taɓa yi maka gorin ta ba har abada. In kuwa ka dube ni ka ce, "Je ki," to babu tudu, babu rana, babu gwiwar da za ta tsayar da ni. Wata takwas na ba tseren nan, na so shi kamar raina. Yau na ɗauke shi na sa a tafin hannunka, kuma ban taɓa jin ƙafafuna sun yi sauƙi irin na yanzu ba.

Ga mota can tana yi mini hon. Ina sonka a guje, ina sonka a tsaye, ina sonka ranar da ƙafafun nan za su tsufa su kasa kai ni ko bakin ƙofa. Zuciyar da za ta buga kilomita tamanin gobe, da wadda za ta tsaya a hamsin da biyar in ka ce ta tsaya, duk ɗaya ce, kuma taka ce har ranar da za ta yi bugun ƙarshe.

Taka a yau, taka gobe, taka har a naɗe ƙasa,
Barewarka.

Ka zo da hularka mai faɗi, an ce rana tana duka sosai a bakin gadar. Kuma ka karya kafin ka fito. Na san halinka.